Na samu Fijo 504 mai ƙofa biyu a Agege: in mayar da ita yadda take, ko in yi mata shirin Safari?

Sani Kakuri:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema, kuma zan ɗan yi tsawo, a yi haƙuri da ni.

Wata uku ke nan ina zarya wani gida a Agege, can bayan layin dogo. A bayan gidan akwai mota lulluɓe da tamfol, tayoyinta huɗu sun nutse a ƙasa har rim. Ranar da na ɗaga gefen tamfol ɗin na ga fitilar baya, sai da na nemi bulo na zauna. Peugeot 504 ce, amma ba irin wadda muka taso muna shiga daga Kawo zuwa Kano ba. Mai ƙofa biyu ce, wadda ake kira Coupé, wadda kamfanin Pininfarina na Italiya ya zana kuma ya ƙera jikinta. Takardunta sun nuna ƙirar 1976 ce. Magada sun amince, na biya, jiya janwe ya kawo ta garejinmu. Bonet ya ƙi buɗuwa saboda wayar ta tsinke, don haka har yanzu ban ga inji ba.

Lokacin da nake koyon aiki a Kakuri, a saman akwatin sufanun ogana akwai hoton da ya yanko daga mujalla ya liƙa da gam. Irin wannan motar ce tsamo-tsamo cikin jan laka, da manyan fitilu a gaba. Ita ce wadda Jean-Pierre Nicolas ya ci tseren Safari na Kenya da ita a 1978. Shekara shida ina ɗaga kai ina ganin hoton nan. Burina shi ne in mayar da tawa tamkar waccan, ba a fenti kawai ba. Ina so ta zama motar da za ta iya shiga tsere da gaske, da keji (ƙarafan da ake dasawa a ciki don kare direba in ta kife) da birki da komai. Ta ina zan fara?

Ɗan Mile 12:
Wa'alaikumus salam. Kai Yaya Sani, Allah ya sanya alheri! Ni wallahi ban taɓa sanin akwai Fijo mai ƙofa biyu ba. A turo mana hoto mana.

Alhaji Garba Idi-Araba:
Wa'alaikumus salam. Allah ya tsare, ya sa ka mora. Amma Sani, ka ce shawara kake nema, to ga tawa ba ɓoye-ɓoye: kada ka taɓa motar nan da abin yanka. 504 gaba ɗaya an ƙera sama da miliyan 3, mu nan Kaduna ma an yi ta harhaɗa ta tun 1975 har zuwa 2006. Amma mai ƙofa biyu ba ta kai dubu 30 ba a duniya baki ɗaya, kuma ba a taɓa haɗa ta a Kaduna ba. Duk wadda ka gani a ƙasar nan wani ne ya shigo da abarsa. Nawa ne suka rage a Najeriya? Ni a shekaruna, da idona uku na taɓa gani.

Ƙirar 1976 kuwa da injin V6 mai silinda shida ta fito, domin a shekarun nan shi kaɗai ake sa mata. Ka samu irin wannan, sai ka fizge kujerunta na asali, ka yaye rufin ciki, ka huda ƙasa ka dasa bututu, ka kai ta daji ka buga da dutse? Abin da aka yanke ba ya komawa. In tsere kake so, ga salun, wato mai ƙofa huɗu, nan birjik a kasuwannin Owode Onirin da Panteka, ka ɗauki ɗaya ka yi yadda ka ga dama. Ai salun ma ta ci Safari, Ove Andersson ya ci da ita a 1975.

Sani Kakuri:
Allah ya ƙara girma, Alhaji. Na ji, kuma ban raina maganar ba. Sai dai ba salun ce a hoton ba.

Oga Bala Ladipo:
Ni kafin a kai ga gardamar yanka ko bari, ina da tambaya ɗaya. Sani, ka kwanta ƙarƙashinta? Motar da ta yi shekaru a kan ƙasa a Legas, damina na zuwa ruwa na kwanciya, ga iskar teku mai gishiri, abin da ya kamata ka fara tambaya shi ne ko akwai sauran mota a wurin. Ka ɗauki sukundireba mai tsini, ka bi ƙasan ƙofofi, ka bi ƙarƙashin kujerar direba, wurin batir, gindin gilashin gaba da na baya, cikin but ƙarƙashin safaya taya, da inda shokozoba ke kamawa a sama. Ka soka da ƙarfi, kada ka tausaya mata. Sannan ka bi jikin da maganaɗisu. Duk inda ya ƙi kamawa, foti ne aka cusa.

Kuma ka sani, jikin wannan motar ba ya haɗa ko fale ɗaya da na salun. Ƙofa daban, bonet daban, fenda daban, gilasai daban, tsakanin tayar gaba da ta baya ma an rage kusan santimita 19. Ba za ka shigo kasuwar Ladipo ka ce a ba ka ba. Abin da ya ruɓe, sai dai a buga shi da hannu.

Malam Nura:
Assalamu alaikum. Ni ba bakanike ba ne, ina zauren nan ne don ina son tsofaffin motoci. Amma ɗan'uwa Sani, ka yi wa kanka hisabi. A wannan zamani da mudun shinkafa ya gagari mutane da yawa, a zuba miliyoyi a motar da ba za ta kai yara makaranta ba, ba za ta ɗauki kaya ba, ina jin tsoron kada abin ya shiga almubazzaranci. Ga kuma jefa rai cikin haɗari. Ba hana ka nake yi ba, tunatarwa ce.

Sani Kakuri:
Na gode Malam, tunatarwa tana amfanar mumini. Ban taɓa kuɗin cefane ko na makarantar yara ba, kuma ba zan taɓa ba. Aikin hannuna ne, da yamma bayan an tashi, da abin da na ɗan tara. Ina da yara huɗu masu koyon aiki waɗanda duk rayuwarsu ba su taɓa buɗe kabureta ba, abin da suka sani a jona kwamfuta ta faɗi laifi a canza. A kan motar nan za su koyi abin da ni na koya.

Injiniya Hauwa:
Malam Nura, Allah ya saka da alheri. Maganar rai ita ce ta fi damuna, shi ya sa na shigo. Tsere a kan kansa ba baƙon abu ba ne a wurinmu, sukuwar dawaki muka gada. Abin da ke kashe mutane shi ne yin sa a inda bai dace ba, da kayan da ba su dace ba. Malam Sani, tun yanzu ka yi mana alkawari ɗaya a gaban jama'a: ba za a gwada motar nan a gadar Third Mainland ko hanyar Lekki zuwa Epe da tsakar dare ba.

Sani Kakuri:
Na yi alkawari, Hajiya. Na taɓa zuwa ɗauko motar da ta yi irin wannan gangancin. Abin da na gani a cikinta ya ishe ni.

Sani Kakuri:
Jama'a barkanmu da safiya. Na bi maganar Oga Bala, ga abin da na tarar.

Mun zura waya ta ƙarƙashi mun ɓalle bonet. Babu V6. Injin salun ne mai silinda huɗu a zaune, an yi masa ƙafafu da ƙarfen kwana, walda kamar kashin kaji. Ɓeraye sun yi sheƙa a cikin gidan iska, da tsummoki da ɓawon gyaɗa. A ciki kuwa, kujerun gaba ba nata ba ne, na wata motar Japan ne aka ɗaure da kusoshi. Dashbod an yanka shi da zarto an cusa rediyo. Da na ɗaga kafet ɗin gefen direba sai na ga katako, da na ɗaga katakon sai na ga ƙasar garejina. Sukundireba ya shige ƙasan ƙofar hagu kamar ana soka biredi. A fendar baya maganaɗisu ya ƙi kamawa, na sa kurfi, foti ya ɓallo kaurin ɗan yatsa, a bayansa kuma ragar sauro da takardar jarida.

Abin da ya yi saura lafiya: rufi, ginshiƙan ƙofa, gilasai duka ban da na gaba da ya tsage, fitilun gaba da na baya, da ƙafafun baya da birkinsu na faifai. Farantin lambar casis yana nan, kuma ya dace da takardu.

Oga Bala Ladipo:
Abin da na yi zato ke nan. Amma kada gabanka ya faɗi. Tunda rufi da ginshiƙai da wuraren shokozoba suna da rai, akwai mota. Ƙasa fale ne, ana shimfiɗa sabo.

Alhaji Garba Idi-Araba:
Inna lillahi. Wani ya riga ka yi mata ɓarnar ashe. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na san yadda ake yi, V6 ɗin ya yi zafi sau ɗaya, aka kai wa wanda bai san shi ba, ya ce ai wannan injin wahala ne, a sa na gida. Ni ma an taɓa yi mini haka da wata motar, na bar ta a wani gareji na tafi aikin hajji, na dawo na tarar an sayar da rabin kayan cikinta.

Duk da haka ban sauka daga ra'ayina gaba ɗaya ba. Ana samun kujeru da dashbod a Faransa wurin masu tara irinta.

Isiyaku Apapa:
Alhaji, ana samu, amma a lissafa. Kujeru biyu, dashbod, kafet, rufin ciki, ƙyallayen ƙofa, kowanne da kuɗin Turai za a saya, a biya jirgi, a biya kwastam, a jira. Ni aikina ke nan a tashar Tin Can, na san yadda ƙaramin kwali ke zama babban ciwon kai. In ya gama duk wannan, me ya samu? Mota mai injin wata, kujerun wata, ƙasan da aka buga a Agege. Ita ma ba ta asali ba ce. Ashe ko ta wace hanya ya bi, kwaikwayo zai yi. To gara ya kwaikwayi wadda ke ransa.

Alhaji Garba Idi-Araba:
Maganarka da ƙamshin gaskiya, Isiyaku, ko da ba ta yi mini daɗi ba.

Ɗan Mile 12:
Yaya Sani, me zai hana ka sa mata injin Toyota V6 na Camry ko na Lexus? Yana nan ko'ina tokunbo, ga ƙarfi, ga kayan gyara a kowane lungu. Wa zai leƙa ciki?

Sani Kakuri:
Ni zan leƙa, ƙanena. Kullum.

Oga Bala Ladipo:
Yaro, in aka sa injin Toyota ta zama wata aba daban, ba motar 1978 ba. Kuma injin nata bai ɓace a duniya ba. Sunansa PRV, domin Peugeot da Renault da Volvo ne suka haɗa hannu suka yi shi. Mai cc 2,664 ɗin nan shi ne a cikin Peugeot 604, shi ne a Volvo 264, shi ne a Renault 30. 604 da Volvo kuwa manyan ma'aikata da 'yan kasuwa sun hau su a ƙasar nan, gawarwakinsu na nan a bayan gidaje da wurin 'yan gwangwan. A bincika Owode Onirin, a aika Ƙofar Ruwa a Kano, a aika Panteka.

Sani, ga abin da za ka kiyaye in ka samu. Bulok ɗin alminiyon ne, silindojin kuwa hannun riga ne da ake zurawa, ruwa na zagaye su kai tsaye. In ka cire tof silinda, kada ka kuskura ka juya inji sai ka danne hannayen rigar da wasa da kusoshi. Suka motsa, abin da ke toshe gindinsu ya saki, ruwa zai gangara cikin baƙin mai, sai ka sake wargaza komai. Na biyu, ka duba kamshaf da kyau. Na farkon nan in an yi sakaci da juyen mai, hanyoyin man sama suna toshewa, kamshaf ya cinye. Na uku, kuma nan ne makanikai da yawa suka faɗi: injin nan V ne mai kusurwa digiri 90, kuma na farkon ba ya tashin wuta daidai wa daida. Tazarar wutar tana zuwa gajere, dogo, gajere, dogo. In yana sulo za ka ji kamar yana ɗingishi. Lafiyarsa ƙalau, haka aka haife shi. Na ga wanda ya canza fulogi sau uku yana neman laifin da babu. Don haka distirbuto ma sai nasa, kada a ɗauko na wani V6 a ce za a daidaita.

Na 505 V6 ya fi girma, 2,849 ne, kuma shi wutarsa daidai take. Ya fi daɗin tuƙi, amma ba na zamanin ba ne.

Sani Kakuri:
Allah ya biya ka, Oga. Wannan ɗingishin ban san da shi ba sam. Batun ƙarfi fa? Na mota ta titi doki 136 ne, na kamfanin da suka yi tsere kuwa sun haura 200.

Oga Bala Ladipo:
Kada ka bi 200 yanzu. Ka tada shi lafiyayye tukuna, ka ba shi lagireto babba da fanka mai kyau, domin zafi ne ajalinsa. Kaburetocinsa na asali ma wani iri ne, Solex biyu, ɗaya mai maƙogwaro ɗaya, ɗaya mai biyu, saitinsu sai mai haƙuri. Safari ba ƙarfin inji kaɗai ya ci ta ba. A 1978 ɗin Porsche 911 ce ta zo ta biyu a bayan Fijo. Tafiyar sama da kilomita 4,000 a laka da ƙura da ramuka, wanda bai karye ba shi ke kaiwa gida.

Auwalu Mai Walda:
Salamu alaikum. Batun keji ku bar mini. Ina da bututu mai kauri inci biyu, irin na ruwa, farin nan da ba ya tsatsa. Kwana biyu na gama, kuma ba zan caje Oga Sani da yawa ba.

Injiniya Hauwa:
Malam Auwalu, don girman Allah a'a. Ban raina hannunka ba, amma wannan bututun ba na wannan aikin ba ne. Bututun ruwa fale ne aka naɗe aka ɗinke shi a tsaye. In mota ta kife nauyinta ya sauka a kansa, ta wurin ɗinkin yake tsagewa, ko ya karye ya zama mashi a cikin mota, kusa da haƙarƙarin mutum. Ga shi farin da aka shafa masa, in wutar walda ta taɓa shi, hayaƙinsa yana sa zazzaɓi da ciwon ƙirji, kuma yana ɓata waldar kanta.

Ƙa'idar hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, a rubuce take. Bututun ƙarfe marar ɗinki, wanda aka ja shi a sanyi. Babban baka da ke bayan kan direba ya zama milimita 45 da kaurin 2.5, ko 50 da kaurin 2.0. Sauran sassa 38 da 2.5, ko 40 da 2.0. Babban bakan guda ɗaya ne, lanƙwasa shi ake yi da injin lanƙwasa ba tare da an gasa shi da wuta ba, kuma ba a yanka a haɗa. In wurin lanƙwasar ya tsuke ko ya yi tamoji, a jefar a sake. Sannan kowace ƙafa tana zama ne a kan farantin ƙarfe da aka yi wa walda da jikin mota, ba a kan fale tsirara ba. Shi ya sa maganar Oga Bala ta zo farko: keji a kan ruɓaɓɓen ƙasa, ranar da aka kife, ƙafafunsa hudawa za su yi su fita.

A Legas ana samun bututu marar ɗinki wurin masu sayar wa kamfanonin mai da masana'antu. Ka nemi takardar ingancinsa, ka tafi da abin awo ka auna kaurin da kanka.

Auwalu Mai Walda:
To Hajiya, na karɓa. Gaskiya ƙofofi da tankuna na saba yi, ban taɓa yin na mota ba. In za a nuna mini zanen, ina so in koya. Hayaƙin nan kuwa gaskiya ne, na sha kwana da zazzaɓi bayan na yi aikin farin bututu, ban taɓa danganta su ba.

Injiniya Hauwa:
Zan kawo zanen. Ka fara gwaji a guntaye, mu yanka mu ga ko wutar ta ratsa, kafin ka taɓa motar.

Sauran abin da ba a sassauci a kansu, Malam Sani: kujerar tsere da bel mai kafaɗu wanda wa'adinsa bai ƙare ba, domin suna da kwanan wata a jiki. Hular kwano ta mota. Abin kashe gobara a ɗaure inda hannu zai kai. Makunni guda da ke yanke wutar mota gaba ɗaya, a ciki da waje. Bango na ƙarfe tsakanin tankin mai da mazaunin mutane. Bututan birki da na mai sababbi, a bi da su ta inda dutse ba zai same su ba. Faranti mai kauri a ƙarƙashin inji. A nan ba a kwaikwayon 1978, na yau ake sawa, su ma masu tseren tsofaffin motoci a Turai da Kenya haka suke yi. Kuma ka sani mota mai keji tana da haɗari a titi in babu hula, kai na iya bugun bututu, sai an naɗe wuraren da soso na musamman.

Isiyaku Apapa:
Ni tambayata, in an gama a ina za a yi tseren? Kada a sha wahala a ƙare da ajiye ta a ƙarƙashin tamfol kamar yadda aka same ta.

Sani Kakuri:
Na yi wannan tunanin. Akwai filin tsere a Evbuobanosa a jihar Edo, can zan fara kai ta gwaji a kan tirela. Akwai tseren motoci da ake haɗawa da bikin kamun kifi na Argungu, in an shirya shi ina so a ga Fijo a layi. Babban buri kuwa, in Allah ya ba da rai da hali, Kodebuwa. Tseren Bandama na can yana nan har yanzu, kuma Nicolas ya ci shi da irin wannan motar a shekarar 1978 ɗin dai. Tseren da a 1972 ba motar da ta kai ƙarshe, ko ɗaya. Daga Legas hanya ce ta ƙasa, Seme, Kwatano, Lome, Accra, ka shiga. Na Kenya na tsofaffin motoci, wanda ake yi tun 2003, ya fi ƙarfin aljihuna, ban sa shi a lissafi ba.

Injiniya Hauwa:
In har kana tunanin fita waje, to tun yau ka nemo takardar da FIA ta yi wa wannan samfurin rajista da ita a rukuni na 4 na motocin tsere. Tana cikin rumbunsu na intanet, da hotuna da awon sassa. Ita za ta gaya maka abin da aka yarda a canza a wancan zamani da abin da ba a yarda ba. Ka gina a kanta, kada ka gama sannan a ce ka kwance. Ka kuma tuntuɓi ƙungiyar ATCN, su ne ke wakiltar FIA a Najeriya, kan lasisin tsere.

Oga Bala Ladipo:
Ƙarin abu ɗaya, taya. Tayoyin tseren tsakuwa yanzu galibi inci 15 ne, ita kuwa da 14 ta zo. Ramukan kusoshinta huɗu ne a tazarar milimita 140, ba kowace mota ke da wannan ba, don haka yawancin rim ɗin Japan ba za su shiga ba. Ka nemi na 505, su ɗaya ne. Kada ka bari wani ya ce zai faɗaɗa maka rami da dirili.

Malam Nura:
Na karanta duka. Tunda akwai yara masu koyo, kuma an ɗauki maganar tsaron rai da muhimmanci haka, hankalina ya ɗan kwanta. Ina nan dai a kan cewa a riƙa duba aljihu. Kuma in an fara fita tsere, a nisanci caca a kai.

Sani Kakuri:
In sha Allahu, Malam.

Alhaji Garba Idi-Araba:
To Sani, na kwana da maganar nan. Da a ce ka buɗe bonet ka tarar da V6 ɗinta da kujerunta, da har gobe ina faɗa da kai. Tunda abin ya zo haka, na sakar maka mara, amma da sharaɗi uku, kuma a matsayin uba nake faɗa.

Duk abin da ka cire nata na asali, ko ɗan ƙyallen ƙofa ne, ko bamba, ko hannun taga, ka wanke ka sa a kwali ka rubuta suna. Kada ka sayar, kada ka bai wa 'yan gwangwan. Wata rana wani zai nema.

Kada ka yanka fenda ko rufi. Fitilun ƙari ka yi musu mazauni mai kusoshi wanda za a iya kwancewa.

Na uku shi ne ya fi mini nauyi. Farantin lambar casis ya zauna yadda yake, kuma ko a baki ko a takarda kada a taɓa cewa wannan motar ta je Safari. Kai na san ba za ka faɗa ba. Amma mota tana fin mai ita tsawon rai, ka ga dai yadda wannan ta zo hannunka. Bayan shekara 20 wani dillali zai tsaya a gabanta ya rantse cewa ita ce ta Nicolas. Ka sa a buga ɗan faranti a cikin ƙofa, da Hausa da Turanci, a rubuta cewa kwaikwayo ce, an gina ta a Agege, a shekara kaza, da sunayen yaran da suka yi aikin.

Sani Kakuri:
Na karɓi duka ukun, Baba. Farantin nan ma ban yi tunaninsa ba, kuma ya yi mini. Zan buɗe littafi in riƙa rubuta duk abin da aka yi da hotonsa, daga foti da ragar sauron nan.

Tsarin da na fahimta: mu tuɓe ta tas har ƙarfe, a ɗaure jikin da ƙarafa ta ciki kada ya murɗe, a yanke ruɓa a shimfiɗa sabon ƙasa, a bi ɗinkunan jiki da ƙarin walda, sannan keji. Inji da giya muna nema a gefe. Fenti shi ne ƙarshe.

Alhaji Garba Idi-Araba:
Haka ne. Kuma akwai wata 604 da na sani a Ikorodu, ta wani abokina ce da ya rasu, Allah ya jiƙansa. Rabona da ita shekara biyar, a lokacin injinta na ciki kuma ba a taɓa buɗe shi ba. Zan kira ɗansa yau bayan la'asar.

Oga Bala Ladipo:
Allah ya jiƙansa. Alhaji in ya amince a gani, ni zan bi ku. Sani, ka taho da sufana mai dogon hannu da soket na kan kiranshaf, da ɗan baƙin mai da za mu zuba ta ramin fulogi. Mu ga ko zai juya kafin a yi maganar kuɗi. Ka taho da tocila kuma, ina so in leƙa ƙarƙashin murfin mai.

Ɗan Mile 12:
Yaya Sani don Allah in zo? Ko riƙe tocilar ne zan yi.

Sani Kakuri:
Ka zo. Asabar ƙarfe bakwai na safe a gareji, kafin hanyar Ikorodu ta cushe. Ka sa kayan da ba ka jin tausayinsu.